Muryar Auta a Aljihun Mai-rediyo

Faɗa ɗaya na taɓa yi da Mai-rediyo, amma faɗa ne da ya tara mutanen layinmu kaf. Wata biyu ke nan da rasuwar Auta, 'yar ƙanwata. Ina tsakar gida da rana tsaka ina shanya, sai na ji dariyarta. Ba wata mai kama da ita ba, dariyar Auta ce, wadda take tashi da ƙarfi ta ƙare da ɗan shaƙewa. Kwanon wanki ya suɓuce mini. Na tsaya ina kallon bango. Sai dariyar ta sake fitowa, iri ɗaya sak, har shaƙewar.

Bangon nan shi ya raba ɗakina da shagonsa. Ko takalmi ban tsaya nema ba, na zaga ta ƙofar gida na faɗa masa. Yana zaune ya manna kunne a jikin wata ƙatuwar lasifika, yatsansa a kan maɓallin rikoda.

"Kai, maye ne kai?" na ce. "Ka bar ta ta tafi da baƙin cikinka, yanzu kuma ka hana ta kwanciya?"

"Inna, sannu, ki zauna."

"In zauna a kan tarkacen nan? Yarinya ta gaya maka za a yanka ƙirjinta, ka ce mata 'haka ne', kamar ta ce maka jiya an yi ruwa!"

Na fizge wayar wutar daga bango. Mai guga na gefe ya leƙo, direbobin da ke shan shayi a tsallaken titi suka taso. Shi kuwa bai ga kowa ba, ni yake kallo, baki a sake.

"Inna, yaushe ta gaya mini?"

A nan na gane. Ba rainin hankali yake yi mini ba, mutumin nan bai sani ba. Yadda aka yi mai kunne irin nasa ya rasa jin magana irin wannan, shi ne labarinsa. Daga baya ya ba ni shi da bakinsa, guntu-guntu, saura kuma bango ya ba ni.

Ubansa mai gyaran agogo ne, mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba. A gidan aka tashe shi, gidan da ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na agogon mutane. Wataƙila a nan ya samo kunne. Kana shigowa da rediyo, tun daga bakin ƙofa zai ce maka ga abin da ke damunta. Mota za ta wuce da kiɗa, ya ɗaga kai daga aiki ya ce lasifikar hagu ta tsage. Dogo ne, siriri, yatsunsa duk tabon dalma. Ba mummuna ba ne, ba shi da rowa, ba ya shan komai. Shi ne babba a gidansu, ƙannensa huɗu duk a gabansa suka yi aure, shi yana nan.

Ba don bai nema ba. Zai ga mace, ya je zance. Zuwa na farko lafiya lau, na biyu a yi masa murmushi, na uku a ba shi kujera mai kyau. Na huɗu sai a ce masa ba ta nan. Mata shida, duk a zuwa na huɗu. Ƙanwarsa takan zo shagon ta zauna a kan kwali ta ce, "Yaya, ka gyara rediyon gari duka, ka kasa kama tasha ɗaya." Abokinsa Mai-aski ya ce turare ne matsalar, ya sayi turare. Ya ce takalmi ne, ya sake takalmi. Aka ci gaba da ce masa ba ta nan, yana ƙamshi.

Wata rana aka kawo masa kaset ɗin da ke tsayawa a wuri ɗaya kullum. An zargi rikoda, an zargi batir. Ya kwance kaset ɗin ya ga zaren ya naɗe a daidai wurin. Ya daɗe yana kallonsa. Abin da yake tsayawa a wuri ɗaya duk inda aka kai shi, in ji shi, laifin a cikinsa yake. Kuma shi bai taɓa gyara abin da bai saurara ba.

Akwai wata 'yar rikoda da wani ya kawo gyara bai dawo ba, ba ta wuce sabulun wanka ba. Ita ya sa a aljihun gaban riga ya tafi zance. Matan ba su sani ba. Da ya gaya mini na ce masa wannan sata ce, ɓarawon tukunya ma ya fi shi, don tukunya ana sayen wata. Bai musa ba.

Ranar da ya fara jin kansa, ya ce gumi ya wanke shi. "Wannan ni ne?" Ya ji wani mutum yana yi wa mace bayanin bambancin batir da batir har kaset ya juya. Mutumin yana dariya kafin ya ƙarasa abin dariyar. Duk abin da aka ce masa sai ya ce "haka ne", ko tambayarsa aka yi. Ya ɗauko gwangwanin madara ya ajiye a gabansa. Duk kuskure ɗaya, ya jefa sukuru ɗaya a ciki, 'yar ƙusar nan ta ɗaure rediyo. Shekara da shekaru ina jin ƙwal, ƙwal ta bango da hantsi, ina tsammanin aiki yake. Ashe kansa yake kwancewa.

Kuma in faɗi gaskiya, abin ya yi masa amfani. Ya koyi tambayar lafiyar mahaifiya. Ya koyi barin zancen batir a shago. Ya koyi ba da labari ya jira a yi dariya. Daga sukuru cike da tafin hannu ya dawo goma, ya dawo bakwai. Mace ta bakwai ta kai shi zuwa na tara kafin ta auri wani. Ya dawo yana murna kamar shi ne angon.

Shi da Auta ni na haɗa su, ban sani ba. Tana buga takardu a wani ɗan shago kusa da kotu, shekarunta sun kai talatin, bakinta ya fi yatsunta sauri. Ta zo gaishe ni ta tarar rediyona ta mutu, ta ɗauka ta zaga.

"Malam, rediyon Innata ce. Su biyu ne masu surutu a ɗakin, ɗaya ta yi shiru, ɗayar ta dame mu. Ka taimake mu."

Ya ce ya buɗe baki zai ce "haka ne", ya kama kansa, ya ce, "To wacce za a gyara a cikinsu?" Ta yi dariya. Shi ke nan.

Akwai wani benci ƙarƙashin bishiya, inda ake jiran bas. In ta tashi aiki da yamma, nan suke zama har motar unguwarsu ta zo. Zuwa na huɗu ya wuce bai ma lura ba. Na goma ya wuce. Kowane zama da kaset ɗinsa, washegari da hantsi ya sa abin ji a kunne ya zauna da gwangwaninsa.

Sai dai rikodar a ƙirjinsa take. Muryarsa tana fita kamar aradu, tata kuwa can ƙasa, kamar daga gidan maƙwabta. Kuma ga aikin mutane yana jira, ba zai wuni kan kaset ɗaya ba. Shi kuskurensa yake nema, ita ai ba ta da laifi. Don haka da ya ji ta fara magana sai ya tura kaset gaba. Yatsansa ya san tsawon maganarta sarai, yana saki, daidai inda nasa bakin ya buɗe. Yana alfahari da wannan.

Abin ya bi shi har kan bencin. Tana magana, shi yana shirya abin da zai faɗa in ta gama, yana tunanin yadda zai fita gobe a kunnensa. Ta taɓa ce mini, "Inna, mutumin nan yana da kirki. Amma in muna hira kamar akwai wani a tsaye a bayana, shi yake yi wa magana."

"To ki juya ki mari na bayan," na ce.

Sukuru suka dawo uku suka tsaya. Wata guda, wata biyu, uku dai. Ya sake labarai, ya sake yadda yake gaisuwa, uku. Ya ɗaukar wa kansa alkawari, ranar da ya saurari kaset gwangwani ya tashi ba komai, ranar zai yi mata maganar aure. Ba zai kai mata kansa da saura gyara ba, kamar yadda bai taɓa miƙa wa mutum rediyo tana ƙara ba.

"Kai dai ka faɗa mata mana!" in ji Mai-aski. "Ni da na auri tawa, rabin maganata in'ina ce."

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan ɗin nan furfura za ta riga shi. Ga ta nan ina gani ta bayan kunnenka."

Auta tana tari, an daɗe. Mu a gida mun sani, likitoci sun ga wani abu a huhunta, suka sa ranar Talata za su yi mata aiki. Ranar Lahadi ta zo ɗakina ta kwanta a kan gadona da takalminta, abin da ta san na tsana.

"Na gaya masa jiya, Inna."

"Me ya ce?"

"Ya ce haka ne." Ta yi dariya tana kallon rufi. "Sai kuma ya ba ni labarin ƙadangare."

Litinin aka kwantar da ita. Shi yana can kan benci har motar unguwarsu ta zo ta tafi sau uku. Talata ya koma, Laraba ya koma. Ya ce a ransa wani abu ya faɗa da ya ɓata mata rai, ya ɗauko kaset ɗin Asabar, na talatin da ɗaya, ya bi shi sau biyu. Bai taɓa yin zama mai kyau irin wannan ba. Kuskure ɗaya tak ya samu, "haka ne" guda da ya suɓuce masa. Ya jefa sukuru ɗaya ya ce saura ƙiris. Ranar Alhamis ya cire abin ji daga kunne, ya ji kuka ta bango.

Ya zo gaisuwa ya zauna a bakin ƙofa kamar an dasa shi. An ce masa ciwon ƙirji ne, shi ke nan abin da ya sani. Ni ko kallonsa ban yi ba.

To, ranar faɗan, da ya tambaye ni yaushe ta gaya masa, na ce, "Asabar, a kan bencin." Ya tashi ya mayar da wayar da na fizge, ya mayar da kaset baya, ya ƙure sauti. Muryarsa ta girgiza kwalaben da ke kan kantar shagon. Muka daure. Da ya zo inda ya saba turawa, na ga yatsan ya tafi da kansa, sai da ya riƙe shi da ɗaya hannun.

A kaset ɗin wata babbar mota ta wuce. Sai ga muryar Auta, can nesa.

"Ka ji, ranar Talata za su yi mini aiki a ƙirji. Likita ya ce ana tashi, ana kuma... to. Ni dai ina so in shiga na san ko akwai mai jirana a waje."

Shiru. Ba ka jin komai sai dum, dum, bugun zuciyarsa a jikin rikoda. Sai aradun ya faɗo.

"Haka ne."

Aka ji ya ja ɗan tsaki, ya kama kansa da kuskure. Sai ya gyara murya ya shiga labarin wani da ya kawo rediyo tana motsi, aka buɗe aka ga ƙadangare ya yi gida a ciki. Ya iya ba da shi, ba laifi. Da ya kai ƙarshe ta yi dariya. Ita ce dariyar da ta sa na yar da kwano.

Direbobin suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Mai guga ya ja ƙofarsa. Na zo da zagi cike da baki, na rasa inda zan sauke shi.

"Me kake tunani a shirun nan?" na ce.

"Labarin nake jerawa, Inna. Ina jira ta gama."

Daga ranar ya zubar da gwangwanin. Ya ɗauko kaset ɗin nan tun daga na farko, ya bi su bai tura ko ɗaya ba. A na uku ya ji yaron mota yana kiran unguwarsu, ta ce, "Bari ta wuce, wata za ta zo." A na takwas ta bar biyu sun wuce. A na sha biyu ta ce ɗakin da take haya ya yi wa mutum ɗaya girma, shi kuma ya ba ta shawarar ta nemi ƙarami. Tarin kuwa, a na farko babu shi. A na shida ɗan gyaran murya ne. Daga nan yana ƙaruwa, yana sauka ƙasa, kaset bayan kaset, har ya shiga cikin dariyarta ya zauna. Mutumin da ke jin tsagewar lasifika a motar da ke gudu.

Sai ya ɗauki reza. Ya zare zaren kaset, duk inda muryarsa take ya yanke, ya haɗa nata da nata da salatif. Wata uku yana yi. Ƙasan shagon ya cika da zare mai ruwan ƙasa, iska ta kwashe ta rataye a wayoyin wuta, duk layin muryar Mai-rediyo tana lilo a sama ba mai ji. Abin da ya rage kaset biyu ne, Auta ita kaɗai, tana tambaya, tana shiru, tana sake tambaya. Ya bar mata gurbi a tsakani.

Kullum da yamma, lokacin da take tashi aiki, zai ture abin da yake gyarawa ya kunna.

"Ka ci abinci kuwa yau?"

"Na ci," in ji shi ta bango.

"Wannan tabon na yatsanka, ba ya zafi?"

"Ya daina."

In aka zo wurin maganar Talata, amsa ɗaya yake bayarwa, a hankali. Ba zan maimaita ta ba, ba ni aka yi wa ba.

Da farko na buga bango da muciya. Daga baya na daina. In ban ɓoye ba, ni ma nakan ja kujerata kusa da bangon in lokacin ya yi. 'Yar ƙanwata ce, a bayana ta yi barci tana jaririya.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Rediyo da kaset suka ja baya, kowa ya koma waya, ya koma gyaran fanka da dutsen guga da tocila. Kunnen hagu ya fara mutuwa, na dama yana bin sa. Duk shekara sautin yana ƙaruwa, har mai shayi na tsallake ya haddace maganganun Auta. Baƙo in ya ji ya tambaya wace ce, sai a ce masa matar Mai-rediyo ce, a bar shi a haka.

Sai Mai-ɗinki ta kama shagon da ke kallon nasa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma, mace ce mai jiki da sanyin murya. Ta kawo dutsen guga, ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Bayan mako ta kawo fanka, ita ma ƙalau. Da ta kawo tocila sabuwa fil a kwalinta, na kira shi.

"Kai, tocilar nan me ya same ta?"

"Ba komai, Inna. Matar nan ba ta san kayan wuta ba."

"Ta san su sarai. Kai ne ba ka san komai ba. So kake ta ciro keken ɗinkin ta ɗora maka a ka?"

Ya zauna a bakin ƙofata yana murza yatsu. Ashe ta riga ta gaya masa, da ƙarfi har sau biyu don ya ji, cewa wanta yana so ta tattara ta koma garinsu, kuma ƙarshen wata za ta ba shi amsa. Ta ce in yana da abin cewa, tana shago ranar Juma'a da yamma.

Juma'ar nan ce ɗana ya zo ɗaukata, don ƙafafuna sun ƙi, ba a barina ni kaɗai. Ana ta loda ƙullin kayana a mota, lokacin Auta ya yi, na kasa kunne ta bango ban ji komai ba. Shekara goma sha ɗaya ban ji shirun wannan lokaci ba. Can sai ga shi ya zagayo yi mini sallama, riga a goge, an yi aski. Aljihun gaba ya yi tudu.

"Mene ne wannan?"

"Ba don kuskurena ba ne, Inna, wallahi." Ya sunkuyar da kai. "Muryarta ba ta da ƙarfi, ni kuma kunnen ya tafi. In ta faɗi abin da ban ji ba, in na dawo sai in ƙara sauti."

"Ka dawo ka ji ta gobe, ita kuma tana kan hanyar garinsu."

Na sa hannu na zaro rikodar na cusa a ƙullin zannuwana. Bai hana ni ba. Ɗana ya kama ni ya sa a mota. Ban sake komawa layin ba, ban sake ganinsa ba.

Ta taga ina kallonsa. Ya sauka titi, ya kai tsakiya ya tsaya, ya dafa aljihun da ba komai, ya waiwaya wajen shagonsa. A can tsallake Mai-ɗinki ta ɗauke ƙafa daga keke, ta kawar da yadudduka daga kan benci. Mota ta fara motsi. Na ce wa ɗana ya tsaya, na leƙa da kai, na ɗaga murya yadda kurma ma zai ji.

"Kai, Mai-rediyo! Ka zauna ta hagunta, ka ba ta kunnen mai rai. In ta yi magana ba ka ji ba, ka ce mata 'me kika ce?' Ko sau goma ne ka ce. Wuce mana, mota za ta taka ka!"